Lesin ɗin Turancin da na kai 'yata, bayan wata uku

Abin da ya sa na nemi lesin takardar jarrabawar 'yar farina ce ta zangon da ya wuce. Tana aji biyu na babbar sakandare, amma sai ga shi ta rubuta "My brothers they goes to farm", malaminsu ya zagaye jimlar da jan biro. Hankalina ya tashi, don babu kiredit a Turanci babu zancen jami'a, kuma a jarrabawar JAMB tambaya 60 cikin 180 ta Turanci ce. Wata maƙwabciyata ce ta nuna mini wata malama da ke koyarwa a zauren gidansu, nan bayan layinmu a Kano, daga la'asar zuwa dab da magariba, Litinin zuwa Laraba. Naira 5,000 take karɓa a wata.

Ranar farko na rufe keken ɗinkina na bi yarinyar, na zauna a bakin ƙofa. Abin da ya fara burge ni, da Hausa malamar ta soma. Ta rubuta "Audu ya tafi kasuwa" a allo, ta ce su nuna mata aikau da aikatau, waɗanda Bature ke kira subject da verb. Suka nuna Audu, suka nuna tafi. Sai ta ɗora alli a kan "ya" ta ce, "To wannan fa?" Zaure ya yi tsit. Ta bayyana musu cewa a Hausa wannan 'yar kalmar ce ke ɗauke da lokaci, ita ke faɗa mana mace ce ko namiji, mutum ɗaya ne ko da yawa. Ya tafi, ta tafi, sun tafi, shi "tafi" yana nan yadda yake. Turanci kuwa a jikin aikatau yake nuna lokaci, wani sa'in har da ɗaya ne ko da yawa, shi ya sa ba ya bukatar "they" bayan an riga an ce "my brothers". Wallahi a nan na gane ba daƙiƙanci ke damun yarinyata ba, Hausarta take juyawa kalma bayan kalma.

Dabararta guda ce, kuma ba ta gajiya da nanata ta: a nemo aikatau tukuna. Ka sa "yesterday" a gaban jimla, kalmar da ta sauya kama ita ce. In ka same ta, sai ka tambaya, wa ya yi, ko me ya yi? Amsar ita ce aikau. Ta ba su "The basket of mangoes is heavy", kusan dukansu suka ce "are" ya kamata, saboda idonsu na kan mangwaro. Ta ce, "Me ke da nauyi, kwandon ko mangwaron?" Ta sa suka rufe "of mangoes" da yatsa suka sake karantawa. Haka ta bi da su ta kan "There are three goats outside", inda awakin ne aikau duk da sun zo a baya, da "Sit down", inda "you" yake a ɓoye. Ga 'yan Islamiyya kuma takan ce su tuna fi'ili da fa'ili, nan take sai ka ga sun gyaɗa kai.

Inda ta fi daɗewa shi ne harafin s. Yara sun saba s a jikin suna jam'i ne, sai ga shi a jikin aikatau tilo yake nunawa: "the boy runs", "the boys run". Mako biyu suka yi a kai, ban ga ɓata lokaci a ciki ba.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Yara sun haura talatin a zauren da bai kamata ya ɗauki ashirin ba, in an ɗauke wuta kuwa zafi ba a magana. Ta haɗa 'yan ƙaramar sakandare da manya, don haka mai saurin fahimta yakan zauna jiran na baya. Sannan aikin rubutu ya yi kaɗan. Jimloli ɗaiɗai suke warwarewa, har yau ban ga an sa su rubuta wasiƙa ko insha'i ba, alhali WAEC da NECO duk suna tambayarsu. Na faɗa mata, ta ce, "Hajiya, ki bari ginshiƙin ya tsaya tukuna." Na yarda da ita rabi, domin lokaci na tafiya.

Na biya kuɗin wata na huɗu. Wanda yaronsa ya riga ya iya gina jimla, wannan zauren ba nasa ba ne. Tawa dai shekaranjiya ina ɗinki na ji ta tana duba aikin gidan ƙaninta, ta sa yatsa ta rufe masa rabin jimla tana cewa, "Fara nemo aikatau, sannan ka tambayi wa ya yi."