Wata takwas ina aiki da injin yankan allo ƙirar Chaina

Kafin in sayi injin nan, duk allon MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, da na sayo a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa da ke Kano sai na kai wa masu inji su yanka min. In biya kuɗin yanka, in biya ɗan dako, sannan in zauna jiran layi. Ranar da aka yi kuskuren awo kuwa, allon ya tafi ke nan. Shi ya sa na yi ta tari har na mallaki nawa: zarto mai teburi mai zamewa, samfurin MJ6132. Masana'antu da yawa a Chaina suna ƙera inji da wannan lamba, kuma ingancinsu ba ɗaya ba ne. Raina ya so Altendorf na Jamus ko SCM na Italiya, ko da na hannu ne, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin shago mai yara uku.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan ƙaramin faifan zarton da ke gaban babban. Shi juyinsa daban yake da na babban, yana riga shi tsaga fatar allon ta ƙasa. Duk kafintan da ya taɓa yanka allo mai melamin, wato fata mai santsi da ake manna wa allo, da zarton hannu ya san takaicin ganin baki ya ɓalɓalce, ka rasa yadda za ka ɓoye shi a ƙofar kabad. Yanzu bakin yana fitowa sumul, sama da ƙasa. Sai dai saita shi ya ci min wuni guda, domin dole ya hau layi ɗaya da babban, kaurinsu kuma ya zo daidai. In ya kauce ko kaɗan, za ka ga zane a gefen allon.

Tsawon teburin milimita 3200 ne, allo kuma 1220 ne a 2440, don haka ina tsaga shi a tsaye lokaci ɗaya. Amma fa teburin yana tafiya gaba da baya, sai ka tanadi fili kusan mita 7. Ni sai da na fitar da benci ɗaya waje.

Maganar wuta ita ce babba. Injin yana cin kilowat 5.5, kuma wuta mai layi uku yake so. Ƙaramin janareta ba ya tayar da shi. Duk wanda shagonsa ke kan layi ɗaya, ya warware wannan tukuna.

Inda arhar ta nuna kanta wuri biyu ne. Faifan da ya zo da shi bai yi wata guda ba ya fara ƙona bakin allo, sai na sayi wani mai milimita 300 da haƙora 96. Sannan sandar da ake jingina allo tana gocewa in an yi ta buga mata kaya masu nauyi. Duk safiyar Asabar nakan yanka guntun allo ta gefe huɗu in auna kusurwa da kusurwa. In tsawon biyun bai zo ɗaya ba, na san ta motsa. Lokacin hunturu kuma ƙura na cika hanyar da teburin ke bi, kullum sai an goge.

Ban yarda yarona ko ɗaya ya cire ƙarfen da ke bayan faifan ba, shi ke hana allo matse zarto ya dawo kan mutum. Na kuma sayi injin zuƙar ƙura daban, don garin MDF akwai gam a cikinsa, yana cutar da ƙirji.

In za ka saya, kada fenti ya ɗauke maka hankali. Tura teburin da yatsa ɗaya har ƙarshe, ka girgiza shi. In ka ji yana lilo, bar shi ka duba wani.