Allurar Cosentyx ga masu ciwon sandarewar ƙashin baya

Cosentyx maganin kamfanin Novartis ne, sunansa na asali sekukinumab. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince a yi amfani da shi kan ankilosin sifondilaitis, amosanin nan da ke kumbura gaɓoɓin ƙugu da ƙashin baya har wasu su manne.

Aikinsa guda ne: kama IL-17A, wani sinadarin garkuwar jiki mai tayar da kumburi. A wannan ciwo, ƙwayoyin garkuwar jiki irin su Th17 suna zubo sinadarin fiye da kima a inda jijiya ke manne wa ƙashi, sai kumburi ya ƙi lafawa. Maganin ba ya kashe ƙwayoyin, saƙonsu yake tarewa. Ga wanda magungunan kumburi na yau da kullum ba su yi masa ba, ko wanda ke fama da ciwon fata na soriyasis tare da na baya, zaɓi ne mai kyau ƙwarai.

Ana yin miligiram 150 a ƙarƙashin fata, mako-mako har sau 5, daga nan duk bayan mako 4. Alƙalamin Sensoready, wato abin yin allurar mai siffar alƙalami, na da sauƙin riƙewa. A ajiye shi a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare, kada a girgiza. A fito da shi minti 15 zuwa 30 kafin a yi, don mai sanyi ya fi raɗaɗi. A danna a gaban cinya ko a ciki, nesa da cibiya da santimita 5. Wani kuskure da ake yi shi ne ɗaga alƙalamin da wuri. Ƙara biyu ake ji, ta biyun kuma ba ita ce ƙarshe ba: sai koren layi ya cika 'yar tagar da ke jikin alƙalamin ya tsaya cak, in ba haka ba maganin ya tsiyaye a kan fata.

Illarsa ma daga aikinsa take fitowa. IL-17 na cikin masu tsaron baki da hanji, shi ya sa idan aka tare shi wasu ke samun kandida, farin dabbare a harshe. Maganin yana iya tayar da ciwon kumburin hanji na Crohn, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Mai irin wannan ciwo, ko mai yawan kumburin ido, magungunan da ke tare TNF (wani sinadarin kumburi daban) irin su adalimumab sun fi dacewa da shi.

Dole a yi gwajin tarin tibi kafin a fara. Idan an kai mako 16 taurin baya na asuba bai sassauta ba, a koma wa likita ya duba ko zai ƙara zuwa miligiram 300 ko ya canza magani.