Akwati ko jakar goyo: me ya kamata mai tafiya aikin sa-kai ƙasar waje ya saya?

Tun 1987 Najeriya take tura malamai, likitoci, ma'aikatan jinya da injiniyoyi aikin sa-kai na shekara biyu a ƙasashen Afirka, Karibiyan da yankin Pasifik, ƙarƙashin shirin gwamnati na tallafa wa ƙasashe da ƙwararru, wato TAC. Wani a kai shi Uganda, wani Gambiya ko Saliyo, wani har Jamaika. Duk wanda sunansa ya fito, kasuwa yake fara nufa neman abin zuba kaya, kuma a nan ake yawan yin asarar kuɗi.

Mafi yawan mutane akwati mai ƙwarin jiki suke ɗauka, mai taya huɗu, saboda kyan gani. Yana kare kwamfuta da kayan fashewa, ruwan sama ma ba ya ratsa shi. Sai dai babba daga ciki yakan kai kilo huɗu zuwa biyar tun ba a sa masa komai ba, alhali kamfanonin jirgi da yawa kilo 23 suke ba kowace jaka. Tayoyin nan huɗu kuma na daɓen filin jirgi ne. Ranar da aka sauke ka a tashar mota a Mbale ta Uganda, ka ja shi kan tsakuwa da jar ƙasa, za ka ji taya ɗaya ta fara kuka. In dai shi kake so, danna murfin da babban yatsa a gaban mai shago: robar kirki takan lotsa ta dawo, ta banza kuwa ƙanƙam take, irinta ce ke tsagewa in ma'aikatan lodi suka wurga ta.

Ni na fi karkata ga akwatin yadi mai taya biyu da suka nutse cikin jikinsa. Ya fi sauƙin nauyi, yana matsuwa a but ɗin mota, in ya yage kuma mai gyaran takalmi zai ɗinke maka shi a kowane gari. Zif ɗinsa za ka fi dubawa, ka ja shi sau da yawa, ka tabbata yana da ramin kwaɗo. Gwanjo mai kyau a Sabon Garin Kano ko kasuwar Wuse sau da yawa ya fi sabo mai araha ƙarko.

Jakar goyo babba ta matasa ce masu zuwa ƙauye, inda babur ne motar ƙarshe. Wanda zai koyar a jami'a, da manyan riguna da huluna, ba ta yi masa ba. Ƙarama dai dole ce, wadda ba za ta wuce kilo bakwai ba, don shiga da ita cikin jirgi: fasfo, katin rigakafin shawara, takardun shaidar karatu, magungunanka da takardar likita, da kaya canji ɗaya ko da akwati ya makara. Fawa banki ma a nan yake zama, ba a yarda a sa shi cikin akwatin da ake miƙa wa ma'aikatan lodi ba.

Jakar Ghana-must-go kuwa a bar ta gida. Kamfanin jirgin Habasha ya hana ta tun ƙarshen 2023, saboda tana maƙalewa a na'urar jan kaya.

Kafin ka sayi adafta, binciki soket ɗin ƙasar. Uganda, Gambiya da Saliyo irin namu ne mai ƙafa uku. Ruwanda mai ƙafa zagaye ce. Jamaika kuwa wutarta 110 ce, tamu 230, don haka dutsen guga da butar lantarki gara ka saye su can.

Sauran nauyin a ba kayan miya. Shinkafa da sabulu ko'ina akwai, amma kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji ba lallai ka gan su a Kampala ba. Zuba su a robobi masu murfi, musamman in Ruwanda ko Kenya za ka, domin sun haramta leda. Daddawa a rufe ta ninki biyu, in ba haka ba shaddarka za ta yi wata guda tana ba da labari. Kilishi kuma nama ne, ƙasashe da yawa kwastan ƙwace shi suke yi a bakin shiga.