Busasshen fastel ko mai maiƙo: wanne ya fi jituwa da kaki?

Malama, kin tambaya wanne za ki haɗa da narkakken kaki a zanenki, busasshen fastel (sandar launi ta zane) mai kama da alli ko mai maiƙo. Ya danganta da inda za ki sa shi, ƙarƙashin kakin ko samansa.

Shi kakin, ana haɗa kashi 8 na kakin zuma da kashi 1 na ƙaron bishiya da ake kira damar, a riƙe zafinsa wajen digiri 85 a ma'aunin Salshiyos. In ya fara hayaƙi wuta ta yi yawa, a rage, a buɗe taga.

Busasshen fastel garin launi ne da ɗan ƙaro, babu mai a jikinsa, shi ya sa kaki ke ratsa shi ya riƙe. Ya fi dacewa da ƙarƙashin kakin: ki zana a takarda mai shan ruwa da aka manna wa katako. Matsalarsa biyu ce. Buroshi yana jan garin, layi ya dagule, don haka ki ɗumama katakon, ki shafa kakin sau ɗaya tak da buroshin gashin dabba (na roba narkewa yake), kada ki koma inda kika wuce. Ta biyun ita ta fi ba mutane mamaki. Launuka suna yin duhu, farin da alli ya yi yawa a cikinsa kuwa kusan ɓacewa yake, kamar takardar da mai ya taɓa, saboda kakin ya cike gurbin iskar da ke tsakanin ƙwayoyin garin. Farin da aka yi da sinadarin taitaniyam ne ke tsayawa. Kuma kada ki fesa masa abin kafe launi mai akirilik (wani sinadarin roba), kaki ba ya kama akirilik, daga baya ɓarewa zai yi.

Mai maiƙo kuwa launi ne da kaki da man da ba ya bushewa. A kan kakin da ya huce tafiya yake sumul, amma da na'urar hura zafi, wadda ake narka saman kakin da ita don ya kama, ta matso sai layin ya narke ya baje. In kika cika shi, wurin zai zauna da laushi, kakin sama ya ƙi kamawa.

A ganina, mai son layi tsaf ta ɗauki busasshe. Mai maiƙo na hazo-hazo ne: siririn layi, na'urar tana nesa kamar taƙi ɗaya, da kin ga kakin ya yi sheƙi ki janye.