Fenti Mai Ruwa Ko Fenti Mai Kauri: Frankenthaler Da De Staël

Masu zane biyu, kowannensu ya je ya ga ƙasa da teku, ya dawo ɗakin aikinsa ya zana abin da ya rage masa a ido.

Helen Frankenthaler, 'yar New York, tana da shekara 23 ta zana Mountains and Sea a 1952, bayan tafiyarta Nova Scotia a Kanada. Ta shimfiɗa ƙyalle a ƙasa ba tare da ta shafa masa farin fentin farko ba, ta tsinka fentin mai har ya zama ruwa-ruwa, ta riƙa kwarara shi. Sai zaren ya shanye launin kamar yadda baba ke kama zane a karofi. Shuɗi, kore da ja mai haske suka bazu tsakanin siraran layukan gawayi, wurare da yawa kuma ta bar su fari. Masu zane Morris Louis da Kenneth Noland sun ga zanen a 1953, suka koma Washington suka sauya salon aikinsu.

Nicolas de Staël, haifaffen Rasha mazaunin Faransa, ya je tsibirin Sisili na Italiya a 1953. Zanukansa na Agrigente, wani gari a Sisili, launi ne mai nauyi: ja, rawaya da shunayya a manyan faffaɗan wurare, yawanci da wuƙar fenti ya shafe su. Zafin rana kake ji.

Ni dai na Frankenthaler ya fi kama zuciyata, domin fentin da ƙyalle ya sha ba ya goguwa, kowace kwarara tana nan yadda hannunta ya sake ta.