Karatun doki ga yara a gida: kundin da ake saya, ko wanda uwa ta haɗa da hannunta?

Salamu alaikum 'yar'uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na bari sai da na samu natsuwa. Kin ce kina koyar da yaranki uku a gida, mai shekara 5, mai 8 da mai 11, kuma tun da suka dawo daga kallon hawan Sallah a Zariya ba su da zance sai na doki. Kina so ki ware musu wata guda cur a kan doki, lissafi da kimiyya da tarihi duk su ratsa ta cikinsa, amma kin rasa na ɗauka: shiryayyen kundin darasi irin wanda ake saya a intanet daga Amurka ko Ingila, ko ki zauna ki haɗa naki da abin da ke kusa da mu nan Kaduna. Na gwada duka biyun da nawa yaran, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Kundin saye, a ba shi haƙƙinsa, yana hutar da uwa. An riga an tsara miki abin da za a yi ran Litinin da na ran Talata, ga zanen ƙasusuwa da na haƙora tsaf, ga tambayoyin gwaji a ƙarshe. A ɓangaren kimiyyar jiki ya fi abin da zan iya haɗawa ni kaɗai nesa ba kusa ba. A ciki muka koyi cewa goɗiya tana ɗaukar ciki wajen wata 11, kuma duƙushi yakan miƙe da ƙafarsa cikin awa ɗaya ko biyu da haihuwa. A ciki muka ga cewa doki ba ya iya amai, ba ya numfashi ta baki sai ta hanci, kuma yana gyangyaɗi a tsaye don gaɓoɓin ƙafarsa suna iya kullewa, ko da yake barci mai nauyi sai ya kwanta. Babban ɗana ya kwana biyu yana ba duk wanda ya shigo gida labarin cewa kofato da farcen mutum sinadarinsu ɗaya.

Amma daga mako na biyu abin ya fara sanyi a hannunmu. Dokin da ke cikin takardun yana tsaye cikin dusar ƙanƙara, yana cin tuffa da wani irin hatsi da ba mu nomawa, nauyinsa da fam ake aunawa, mahayinsa makiyayin shanu ne na yammacin Amurka. Ƙaramar ta shafa wa hotuna kala kwana biyu ta ture. Ga shi da dala ake biya, ga kuɗin buga shafuka masu kala, ga bidiyon da ke cin data, wanda in wuta ta ɗauke darasin ranar ya tashi ke nan. Turancinsa ma na yaran da aka haifa cikin Turanci ne, rabin lokacina a fassara ya tafi.

Wanda za ki haɗa da kanki ba ya hutar da ke, wannan kam ki sani tun yanzu. Ke ce mai tsarawa, ke ce mai neman wanda ya san doki, ke ce mai ɗaukar yara a kai su. Karon farko da na kwashe su zuwa wata barga ban sanar da kowa ba, mai gadi ya mayar da mu daga bakin ƙofa, ƙaramar tana kuka har gida. Sai da maigidana ya bi ta hannun wani abokinsa da ke da doki aka sa mana rana. Ki nemi izini tukuna, ki je da sassafe ko bayan la'asar lokacin da ake fita kilisa, kuma ki riƙe ɗan ihsani ga mai kula da dokin, don lokacinsa za ki ci.

Ranar da muka samu shiga, awa ɗaya muka yi, amma ta fi mana mako biyun baya. Wani dattijo ne yake goge wa wani ingarma jiki a kan turke. Ya kama hannun mai shekara takwas, ya buɗe mata tafin sosai, ya ce kada ta lanƙwasa yatsa ko ɗaya, ya ɗora mata 'yar harawa. Dokin ya sunkuyo, ya busa mata iska mai ɗumi, ya ɗauke harawar da leɓe kawai. Yarinyar nan ta ƙame, idonta waje, sai kuma ta fashe da dariya ta ce: "Baba, leɓensa taushi kamar auduga!" Daga nan dattijon ya ɗaga leɓen ya nuna musu haƙora, ya ce da su ake gane shekarun doki in za a saya. Abin da muka gani a zane ke nan, amma sai yanzu ya zauna musu. Gani ya kori ji.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne harshe, kuma a nan ne zuciyata ta fi karkata. Kundin waje zai ba yaro sunayen kayan doki da Turanci, ya haddace, ya manta, don ba shi da inda zai rataye su. Hausa kuwa cike take da kalmomin doki, kuma suna neman kuɓuce wa yaran birni. Dattijon nan ya jera musu kaya a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya: sirdi, linzami, ragama, likkafa, kaimi, jalala. Ya ce baƙin doki akawal ne, fari kili, mai dabbare-dabbare danda, ya ƙara da hurde da bidi da gunya, yana nuna wanda ke kusa. Ni kaina rabonda in ji wasu daga cikinsu tun ina yarinya a gidan kakanmu. Da muka dawo gida na ce da su "linzami ya fi ƙarfin bakin kaza", ba sai na yi bayani ba, don sun ɗaga linzamin da hannunsu sun ji nauyin ƙarfen. Muka buɗe littafi guda muka sa masa suna ƙamus ɗin doki: kalma da Hausa, zanenta, sannan takwararta ta Turanci. Ta nan Turancin ya shiga ba tare da wahala ba.

Lissafi kusan kunnen doki suka yi, sai dai na gida ya fi ɗanɗano. Kundin waje ne ya koya mana cewa da tafin hannu ake auna tsayin doki, tafi ɗaya inci 4, wajen santimita 10, daga ƙasa zuwa tudun kafaɗa inda geza ta ƙare. Doki mai tafi 15 ya kama inci 60 ke nan. Mun ari wannan, yara suka auna juna a jikin bango, har da ƙofar ɗaki. Amma lissafin ciyarwa namu ne. Doki yana cin kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kullum, to mai kilo 400 zai ci kilo 8, a mako 56, a wata 240. Ruwa kuma yakan sha lita 20 zuwa 40 a rana, ya fi haka da bazara, wato jarkar nan mai lita 25 ba lallai ta ishe shi ba. Ki tura babban ya tambayo kuɗin damin harawa da buhun dusa da mudun dawa a kasuwa, ya fitar da abin da riƙon doki ke ci a wata. Nawa da ya gama lissafin ya daina roƙon a saya masa.

A tarihi kuwa babu ma abin kwatantawa. Kundin waje bai san da mu ba. Mu ko a nan garin aka yi babban hawan daba a 1956 lokacin zuwan Sarauniyar Ingila, aka sake yi a 1977 lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya. Dandalin Murtala da muke wucewa kullum filin sukuwa ne a da, kuma ga filin folo, wato ƙwallon doki, nan maƙwabcinsa, inda ake buga Kofin Georgian tun 1919. In gasa ta kama, ki kai su su ga mahaya huɗu-huɗu a kowane ɓangare, su ji labarin yadda Sarkin Katsina Dikko da ɗansa Usman Nagogo suka raya wasan a Arewa. Mai shekara 11 zai iya ɗaukar abin da ya fi haka zurfi: Sarauniya Amina ta Zazzau da rundunarta, Sarkin Kano Kanajeji da tarihi ya ce shi ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, da kuma yadda sarautu irin su Madaki da Shamaki da Sarkin Dawaki suka samo tushe daga doki. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Ƙanana kuma ki sa su farautar doki a cikin gari: fararen nan biyu da ke jikin tambarin Najeriya, sunan unguwar Kabala Doki, duk inda suka gani su faɗa. In kuna haɗawa da karatun allo, Suratul Adiyat aya 11 ce kawai, kuma da dawakai masu gudu suna haki ta buɗe. Yaron da ya ji hakin doki bayan kilisa daban yake karanta ta.

Akwai wuri ɗaya da nake roƙonki ki bi kundin waje sau da ƙafa, shi ne kiyaye lafiya. Mu muna da sakaci a nan. Sau nawa muka ga an ɗora yaro kan doki ran biki, ba hular kwano, ba kowa riƙe da ragama? Idanun doki a gefe suke, yana ganin kusan ko'ina, amma ba ya ganin abin da ke daf da bayansa, kuma abin da ya ba shi tsoro daga nan shura ce amsarsa. Kafin ku fita ki sa su maimaita: ba a tsayawa bayan doki, ta gefen kafaɗa ake zuwa masa ana magana a hankali, ba gudu ba ihu, takalmi rufaffe ba silifa ba, a wanke hannu bayan an taɓa. Mai shekara 5 kada ki saki hannunta ko na minti ɗaya. Hawa kuma in babu hula, a haƙura da shi, kallo da shafawa sun isa.

Da ni ce ke, ba zan sayi kundin gaba ɗaya ba. Zan nemi zanen jikin doki da na ƙasusuwa guda biyu ko uku, waɗanda ake samu kyauta, in buga su baƙi da fari, su riƙe mana makon farko. Ziyarar barga ta zo a ƙarshen wannan mako na farko, kada a ajiye ta sai ƙarshen wata kamar tukwici, don duk abin da zai biyo baya a kanta zai tsaya. Sauran makonnin ciyarwa da lissafi, sai tarihi. In kina so ki rufe da hawan Sallah, Zariya kusan kilomita 80 ce daga nan, amma ki tabbatar za a yi hawan kafin ku kama hanya, don wasu shekarun akan dakatar.

Mu da dokin kara muka rufe namu. Muka samo karan dawa wajen masu noma a bayan gari, kowa ya lanƙwasa nasa, ya yi masa ragama da tsumma, ya raɗa masa suna da launi. Babban ya zama Madaki, ta tsakiya ta ce ita Amina ce, ƙaramar ta zama zagi tana gaba da zanin gado a kafaɗa. Suka kai jafi gaban babansu a tsakar gida, kowa ya faɗi abu uku da ya koya kafin a ba shi izinin sauka. In za ki yi haka, ki sa a ajiye miki karan tun da kaka, don da damina ba ya samuwa.