Fim ɗin Gadar Pont-Neuf: Jaridun Faransa da na Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa fim ɗin Les Amants du Pont-Neuf na darakta Leos Carax bai yi kasuwa a Faransa ba, amma a Amurka aka yi ta yabonsa. A ganina, lokacin da ya iske kowane ɓangare ne ya bambanta.

A Faransa, kafin ya fito a Oktoban 1991, jaridu sun shekara uku suna bin rikicinsa. An fara ɗauka a 1988, aka ba Carax aron gadar Pont-Neuf ta Paris na ɗan lokaci, sai jaruminsa Denis Lavant ya ji ciwo a hannu, wa'adi ya cika ba a gama ba. Dole aka koma kan gadar kwaikwayo da aka gina a Lansargues, kusa da Montpellier, har da gidajen bakin kogi. Kuɗi suka ƙare, furodusoshi suka janye, aiki ya tsaya, daga baya furodusa Christian Fechner ya ƙarasa shi. Don haka ranar da aka fara haskawa, kowa ya zo da lissafi a ka. Mujallar Cahiers du cinéma ta ware masa fitowa ta musamman, wasu masu sharhi kuwa suka ga almubazzaranci ne a narka wannan dukiya kan soyayyar mutum biyu masu kwana a titi. Masu kallo ba su kai miliyan ɗaya ba, kuɗi bai dawo ba.

Amurka sai 1999 ya isa, kamfanin Miramax ya rarraba shi, darakta Martin Scorsese ya tsaya masa. A lokacin maganar kuɗi ta zama tsohon labari, a taɓa ta a wuce. Hankalin masu sharhi ya tafi kan masoyan biyu, Alex, wato Lavant, mai feso wuta daga baki, da Michèle, wato Juliette Binoche, mai zanen da idonta ke dushewa, da daren bikin cika shekara 200 da juyin juya halin Faransa, inda suke rawa a kan gada sama ta cika da wasan wuta, sannan ya ja ta da jirgin ruwan sata tana zamiya a kan kogin Seine.

Ni dai wannan daren kaɗai ya ishe ni, ko da yake ƙarshen fim ɗin ya yi mini zaƙi fiye da kima. Carax kuwa bai sake fitar da dogon fim ba sai Pola X, a wannan shekarar ta 1999.